Yadda za ka hana hayaƙin salansa shiga motar da kake kwana a ciki

Tun ranar da na kwance kujerun bayan Hiace ɗina na kafa gado da akwatin kaya, ba na rasa mai tare ni da tambaya, a gareji ko a tasha, wani ma ta waya. Masu sayen dabbobi da ke kwana a Abalak, masu ɗauko albasa daga Galmi, direbobin hanyar Agadas da ke kwanciya a kan kamyo. Kowa da lafazinsa, amma maganar ɗaya ce: "Malam, in na yi doguwar tafiya sai in sauka da ciwon kai, kuma akwai ɗan warin hayaƙi a baya. Ta ina yake shigowa?"

Na san wannan ciwon kan. Wani dare cikin Janairu sanyi ya matsa mana a Abalak, na bar inji yana aiki don mu samu ɗumi, ni da yaron motata. Wajen ƙarfe uku na farka, kaina kamar ana daka a ciki. Na taɓa yaron, da ƙyar ya buɗe ido, yana tashi sai amai. Muka ce zazzaɓin sauro ne ya kama mu tare. Allah ya taimake mu na buɗe ƙofa muka fita waje. Da muka dawo Tawa na ɗaga ledar ƙasa, sai ga ramukan notin kujeru a buɗe, ana hango ƙasa ta cikinsu, salansa kuma ta huje daidai ƙarƙashin gadon.

Abin da ke kisa a cikin hayaƙin inji ba shi da wari, ba shi da launi. Sunansa kabon monoksaid, a taƙaice ana rubuta shi CO. Yana kama jini fiye da iskar oksijin sau sama da 200, shi ya sa kaɗan ma yakan isa idan aka daɗe ana shaƙa. Warin da kake ji yana gaya maka hanya a buɗe take, amma rashin wari ba shaidar komai ba ne. Injin esansi ma ya fi na gazuwal fitar da wannan guba, duk da cewa na gazuwal ya fi ɗoyi. Don haka kada ka auna da hanci. Ka bi matakan nan a jere, domin wanda ya fara da liƙe ƙofa alhali salansa na yoyo ya yi aikin baban giwa.

Kayan da za ka tanada

Tocila mai haske sosai, ruwan sabulu a gorar da aka huda murfinta, tsumma mai kauri, safar hannu, alli, farar takarda, turaren tsinke, notuna da wasa (faifan ƙarfe mai huda da ake sa wa noti) na girman ramukan kujera, guntayen robar tsohon tib na taya, da mastik irin wanda ake manna gilashin mota da shi. Sai mutum ɗaya da zai taya ka, don rabin gwaje-gwajen nan ba sa yiwuwa da mutum guda.

1. Fara da ƙararrawa

Mutane sukan bar ta a ƙarshe. Ni ina sa ta a farko, saboda da ita za ka san ko gyaran ya yi. Ƙaramar na'ura ce mai batir da ke kuka idan CO ya taru a iska, girmanta bai wuce tafin hannu ba. Nemi wadda aka rubuta EN 50291 a jikinta. Idan ka samu mai EN 50291-2 ya fi, don ita aka ƙera saboda motocin kwana da jiragen ruwa, tana jure girgiza. Zaɓi mai ɗan gilashi da ke nuna lamba. Lambar ana kiranta ppm, wato kashi nawa cikin miliyan na iskar da ke cikin motar guba ce.

Ka san yadda take aiki don kada ka zarge ta da ƙarya. A 50 ppm takan jira minti 60 zuwa 90 kafin ta yi kuka. A 100 ppm tsakanin minti 10 da 40. A 300 ppm ba ta wuce minti 3. Ke nan tana iya yin shiru alhali guba ta fara taruwa, kuma lambar da ke kan gilashin ce za ta tona maka wannan tun da wuri.

A Turai ana sayar da mai kyau wajen Yuro 20 zuwa 30, wato kamar jika 13 zuwa 20 na sefa kafin kuɗin kawowa. In ba ka same ta a Tawa ba, ka yi saƙo wajen masu kayan kashe gobara a Yamai, ko wani ɗan'uwa da ke dawowa daga waje.

Kafa ta kusa da gado, daidai tsayin kan mai kwance. Ban da bakin taga, ban da saman murhu, ban da cikin akwati.

Gargaɗi: ƙararrawar gobara daban, ta yoyon gas ɗin girki daban, ta CO daban. Siffarsu iri ɗaya ce, mai shago ma yakan rikita su. Karanta kwalin da idonka. Duba kuma ranar ƙarewarta, don abin da ke shinshinar gubar a ciki yana mutuwa bayan shekara 5 zuwa 10 ko da batir sabo ne. Yawancinsu an yi su ne don zafin da bai wuce digiri 40 ba, kuma ka san abin da cikin mota ke zama idan ta wuni a rana cikin Afrilu. In za ka aje mota a rana, ɗauke ta ka shiga da ita ɗaki. Kada kuma ka kara ta a bakin salansa wai don gwaji, lalata ta za ka yi.

2. Gano lokacin da yake shigowa

Kafin ka taɓa sifana, yi tafiyar minti 20 da abokinka zaune a baya yana kallon lambar. Ku lura da abu ɗaya: yaushe take hawa?

Idan tana hawa mota na tsaye inji na aiki, yawanci yoyon yana gaba ne ko a ƙarƙashin bene, wato daɓen motar. Idan sai an ɗauki gudu a kan kwalta, ƙofar baya za ka fara zargi. Idan sai an buɗe tagar baya ko kafar rufi, iska ce ke zuƙo shi, kuma mataki na 7 ya yi maganar wannan. Idan kuwa warin ya fi ƙarfi da safe sannan ya ragu bayan inji ya yi zafi, akwai tsagewa kusa da inji wadda take haɗewa idan ƙarfe ya buɗe da zafi. Rubuta abin da kuka gani da lambar da ta fi yawa. Za ka buƙace ta a ƙarshe.

3. Bi bututun daga inji har wutsiya

Wannan aikin na sassafe ne, inji a sanyaye. Kai motar kan ramin gareji.

Gargaɗi: kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. In babu rami, a tokare ta da ƙafafun ƙarfe a ƙasa mai tauri, a sa dutse a tayoyi. Jak a kan rairayi nutsewa yake yi ba sallama.

Fara da ido. Haska tocila tun daga manifol, wato ƙarfen da ke tara hayaƙi daga jikin inji, ka bi bututun taku taku. Abin da kake nema baƙin kunkunniya ne. Duk inda hayaƙi ke tsiyaya yakan bar baƙin zane kamar an shafa gawayi, musamman a mahaɗa. Wuraren da suka fi cin amana su ne juwan ɗin manifol, wanda wasu ke ce wa gaskit, sai saƙaƙƙen bututun nan mai lanƙwasa da ke bayan inji, sai ɗinkin tukunyar salansa. Saman tukunyar ma ka shafa da hannu, tun da ido ba ya kai wa can, kuma ɓulin sama shi ne mafi muni don kai tsaye yake hura bene. Duk inda ka samu, zagaye shi da alli.

Girgiza bututun. Robobin da yake rataye a kansu zafinmu yana busar da su, gargadar hanyar burji ta ƙarasa su. Roba ɗaya ta tsinke, nauyin duka ya koma kan mahaɗa, bayan wata ɗaya sabuwar tsagewa. Kuɗinsu kaɗan ne, canza duk wadda ta fara tsattsagewa.

Sannan gwajin sabulu. Fesa ruwan sabulu a kowace mahaɗa, abokinka ya tayar da inji. Cikin minti ɗaya na farko, kafin ƙarfe ya yi zafi ya ƙafar da ruwan, za ka ga kumfa na tashi a inda ke yoyo. Ya sa safar hannu ya danne bakin salansa da tsumma na daƙiƙa uku ko huɗu. Idan bututun lafiya yake, tsumman zai riƙa turo hannunsa da ƙarfi, inji ya nemi mutuwa. Idan kuwa inji bai ko ji a jikinsa ba, kuma kana jin wani "fis-fis" a wani wuri, hayaƙin ya samu wata ƙofar fita. Ƙarar "tak-tak-tak" daga wajen inji da sanyin safiya, wadda ke ɓacewa bayan ƴan mintuna, sau da yawa manifol ce ko juwan ɗinta.

Gargaɗi: rami yana tara hayaƙi. Kada inji ya wuce minti biyu yana aiki kana ciki, kuma a yi wannan a fili, ba cikin rufaffen shago ba.

Ka tambayi makanike ko katalizo yana nan. Ita ce tukunyar da ke da abu kamar saƙar zuma a ciki, kuma idan tana aiki tana ƙone mafi yawan gubar kafin ta fito. Da yawa daga motocin hannu na biyu da suka zo ta Kwatano ko Lome an riga an ƙwaƙule cikinta saboda ƙarafa masu tsada da ke ciki, irin su filatinam. Motar esansi da aka yi wa haka, ƙaramin yoyo a jikinta ya fi haɗari nesa ba kusa ba.

4. Walda ko canji

A nan kuɗi ke tafiya, a nan kuma ake yawan cutar kai da neman sauƙi. Ƙwanƙwasa gefen ɓulin da sukudireba. Idan ƙarfen yana da kauri, ɓulin kuma ɗaya ne, walda ta isa. Idan tsatsa na zuba kamar garin kuka, ko sukudireba ta shige, sayi wani. Mai walda zai iya toshe maka, amma gefen waldar ne zai ɓalle kafin ka kai Madawa. Juwan da aka kwance ba a mayar da shi, sabo ake sawa. Saƙaƙƙen bututu ba ya karɓar faci, yanke shi ake yi a sa wani. Manifol da ta tsage ita ce mafi tsada a duk aikin, kuma waldarta tana son wanda ya iya irin wannan ƙarfen, in ba haka ba za ta sake tsagewa a gefe.

Gwangwanin tumatir da waya, ko ƙullin da ake shafawa ya bushe, dabarar kai mota gida ce daga daji. Kada ka kwana a kanta. Silikon na gini kuma ba ya jure zafin salansa ko kaɗan.

Gargaɗi: a yawancin waɗannan motoci tankin mai na kusa da bututun. Ka ce wa mai walda, "Maigida, don Allah a kwance shi a yi a ƙasa." Zai ce ɓata lokaci ne, ka biya ladan kwancewar. In dole sai a jikin mota, a cire kan batir, a kare tanki da tiyon mai da farantin ƙarfe, a aje abin kashe wuta kusa.

Bayan gyara maimaita gwajin sabulu kafin ka biya.

5. Duba inda bakin salansa ya nufa

Bututu lafiyayye da ke ƙarewa a ƙarƙashin mota daidai yake da mai ɓuli. Wannan na yawan faruwa idan wutsiyar ta karye aka yar da ita, ko aka ƙara wa motar matakala da marikin taya a baya har suka rufe bakin. Dole bakin ya leƙo waje, ya wuce jikin mota da kamar faɗin yatsu biyu ko uku. Ni na fi son a karkata shi gefe, bayan tayar baya, yana kallon ƙasa kaɗan, a ɓangaren da babu ƙofar turawa. Ɗaga kai ka duba abin da ke samansa. Idan taga ce mai buɗewa ko kafar shan iska, ko dai a matsar da bututun, ko a rufe tagar har abada. Ƙarin da za a yi ya zama faɗinsa ɗaya da na asali, kuma a ba shi marataya tasa.

6. Bi sawun ƙura

Mu nan muna da malamin da Turawa ba su da shi. Duk kafar da ƙura ta bi ta shigo, hayaƙi ma ta nan yake bi. Share cikin motar tas, goge da jiƙaƙƙen tsumma, rufe tagogi, sannan ka yi tafiyar kilomita goma a hanyar burji. Da ka tsaya, kada ka buɗe ƙofar baya. Shiga ta gaba da tocila. Za ka ga jar ƙura ta yi layi-layi kamar an zana da tsinke, kowane layi yana nuna maka kafarsa. Na taɓa samun wani a bayan fitilar baya, wurin da ko a mafarki ban zata ba: robar da waya ke bi ta ciki ta faɗi, aka bar rami kamar na ɓera.

Da dare ka ƙara da gwajin haske. Abokinka ya shiga ƙarƙashi da tocila, kai kana ciki cikin duhu an ɗage leda da katako. Inda haske ya ɓullo, alli.

Ramukan notin kujera su ne na farko ga duk wanda ya mai da motar haya ɗakin kwana. Kowane rami a mayar masa da noti, wasa sama wasa ƙasa, guntun robar tib a tsakani, a shafa mastik kafin a ɗaure. Ƙirga su. Kujera ɗaya na iya barin huɗu ko fiye, kuma wanda ke ƙarƙashin ƙafar gado shi ake mantawa. Haka ramukan da kafinta ko mai lantarki ya huda don waya da tiyon ruwa. Inda tsatsa ta ci bene ko kwarin taya, a yanka farantin ƙarfe a ɗaure da ribit a kan mastik.

A yawancin Hiace inji na ƙarƙashin kujerun gaba ne, a Coaster kuma murfinsa na cikin motar kusa da direba. Wato tsakaninka da inji roba ɗaya ce tak, wadda ke zagaye da murfin. Ɗaga ka duba. Idan ta kwanta, ta yage, ko maƙallan murfin ba sa jan sa ya zauna daram, gyara wannan kafin komai. Robar gindin giya da ta burkin hannu su ma a duba.

Sai ƙofar baya. Sa farar takarda tsakanin roba da ƙofa, rufe, ja. Idan ta riƙe, wurin lafiya. Idan ta zare salin-alin, akwai kafa. Zagaya ƙofar duka, taku ɗaya-ɗaya, ka fi mai da hankali a kusurwoyin ƙasa. Wani lokaci robar ba ta da laifi, ƙofar ce ta saki, sai a matsar da maƙallin kulle ciki kaɗan. Idan robar ta bushe, canza ta gaba ɗaya. Guntu-guntun da ake haɗawa da gam, a mahaɗar suke yoyo.

Gargaɗi: kwali, soso da tsumma suna tare ƙura, ba sa tare guba. Kumfar gwangwani mai kumbura kuma tana kama wuta idan ta kusanci salansa.

Akwai kafofi biyu da ba a toshewa. Na ɗaya, a motoci da yawa akwai wata ƴar taga mai leɓen roba a kusurwar baya, a ɓoye bayan bamba. Aikinta fitar da iska daga ciki, leɓen kuma yana hana ta waje dawowa. Idan leɓen ya faɗi ko ƙura ta maƙale shi a buɗe, wanke shi ko ka sa wani, amma kada ka liƙe wurin. Na biyu, idan kana aje tukunyar gas a akwati, ramin da ke ƙasan akwatin dole ne. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo ta nan zai zube waje. Abin yi shi ne akwatin ya rufu ruf daga ɓangaren ɗaki, ramin kuma ya yi nesa da salansa.

7. Iska lokacin tafiya

Mota mai faɗin baya idan tana gudu, iska na yin juyi a bayanta tana tara hayaƙi a jikin ƙofa. Shi ya sa bayan mota ya fi ko'ina datti. Da ka buɗe tagar baya ko kafar rufi, cikin motar sai ya riƙa zuƙa, abin da ke kusa kuma shi ne wannan hayaƙin. Mutum ya ji wari ya buɗe baya don ya sha iska, ashe ƙara jawo shi yake yi.

Ga yadda nake yi. Baya a rufe, kafar rufi a rufe, fankar gaba a kunne tana ɗebo iskar waje, wato maɓallin da kibiyarsa ke shigowa daga waje. Haka cikin motar ke cika da iska mai kyau tana tura ta waje ta kowace ƴar kafa da ta rage. Maɓallin da kibiya ke juyawa a ciki na ɗan lokaci ne, idan ka maƙale bayan kamyo mai turnuƙe hanya. Kana wuce shi ka mayar.

Kunna turaren tsinke abokinka ya bi gefen ƙofar baya da shi kuna tafiya. Hayaƙin turaren ya nufi kafa yana fita, madalla. Ya kaɗo cikin mota, iskar waje na shigowa ta nan.

Gargaɗi: kada ka yi tafiya da ƙofar baya a ɗage saboda dogon kaya alhali akwai mutane a baya, balle yara. A ɗaura kayan a rufi.

8. Wurin kwana, gurup da gawayi

Duk gyaran da ka yi, ba a barci inji na aiki. Ko don ɗumi cikin hunturu, ko don kilim, wato na'urar sanyaya iska, cikin bazara. Iska na iya juyawa tsakar dare ta maido hayaƙin ƙarƙashin mota, mai barci kuma ba ya jin ciwon kai balle ya tashi. Ko ta fuskar aljihu ma asara ce. Inji a tsaye da kilim yakan sha wajen lita 1 a awa. Da farashin da aka sa a Yulin 2024, sefa 618 litar gazuwal, 499 ta esansi, dare ɗaya ya tasar wa jika 4 zuwa 5. Kuɗin ƴan kwanaki ya sayi bargo mai kauri. Na ƴan makonni ya fara tara maka kuɗin fanka mai volt 12 da batirinta daban da farantin sola.

Kafin ka kwanta zagaya ka ga maƙwabta. A tasha hayaƙin kamyon da ke gefenka ma naka ne, musamman idan bakin salansarsa na kallon tagarka. Matsa gaba ko ka roƙe shi ya kashe. Kada ka manna bayan mota da bango, kada ka tayar da inji cikin gareji ko rumfar da aka kewaye. Idan mota ta kafe a rairayi har bakin salansa ya nutse, kashe inji a tone shi tukuna, fasinjoji su sauka.

Gurup, wato janareto, a nisanta shi aƙalla mita 6 daga kowace ƙofa ko taga, bakin hayaƙinsa ba ya kallon motar, a ɓangaren da iska ke tafiya. Cikin hunturu iskarmu daga arewa maso gabas take zuwa, don haka kudu maso yammacin mota ne wurinsa. Da damina akasin haka. Amma kowane dare ɗebi ƙasa ka saki ka ga inda ta nufa. Na san abin da ke sa mutane su tura shi ƙarƙashin mota ko su sa shi a bakin ƙofa: tsoron ɓarawo. Sarƙa da kwaɗo a jikin itace, da doguwar waya mai kauri, sun magance wannan.

Gawayin shayi kuwa ina roƙonku da girman Allah. A dafa a waje, a sha a waje, a kashe a waje. Garwashin da ya yi ja ya daina hayaƙi yana nan yana fitar da gubar, kuma cikin rufaffiyar mota ba ya buƙatar dogon lokaci. Murhun gas ma ba abin jin ɗumi ba ne. In za ka yi girki a ciki, taga biyu a buɗe, harshen wutar ya zama shuɗi. Ya koma rawaya yana baƙanta tukunya, kashe ka wanke kan murhun.

9. Gwajin ƙarshe

Koma hanyar da ka bi a mataki na 2, da gudu iri ɗaya, abokinka a baya. Sannan ku tsaya a fili, inji na aiki, ƙofofi a rufe, ƙararrawa a ciki, ku kuna waje kuna leƙen lambar ta gilashi na minti 15. Abin da ake so sifili ne. In tana hawa ko a hankali ne, akwai abin da ya kuɓuce maka. Maimaita gwajin sabulu da na ƙura bayan kowace damina, da duk lokacin da ƙasan mota ya daki dutse.

10. Idan ta yi kuka, ko wani ya fara ciwon kai

Ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, rikicewar magana. Sak zazzaɓin sauro, abin da ya ruɗe ni ke nan a Abalak. Bambancin shi ne yakan kama mutane da yawa lokaci guda, babu zafin jiki, kuma yana sauƙi idan aka fita iska.

Kashe inji da gurup, buɗe ƙofofi, fitar da kowa. Tashi duk mai barci, kada ka ce a bar shi ya huta. Wanda ya suma amma yana numfashi a kwantar da shi a gefensa, kada a ɗura masa komai. Nono ko madara ba sa wanke wannan guba, iska ce maganinta. A cikin gari kira ƴan kwana-kwana a lamba 18. A hanya kuwa, wanda kansa ke juyawa kada ya tuƙa.

A likita ka faɗa ƙarara cewa hayaƙin inji ko na gawayi aka shaƙa, don a sa oksijin da wuri. Da iskar waje kawai, sai an yi awa 4 zuwa 6 kafin rabin gubar ya bar jini. Da oksijin zalla awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Ƴar na'urar da ake maƙala wa a yatsa tana iya nuna lamba mai kyau alhali jinin cike yake da guba, saboda ba ta bambanta su. Mai ciki, jariri, tsoho da mai ciwon zuciya a kai su ko sun ce sun warware. Wanda ya suma a ci gaba da lura da shi har makonni, in an ga mantuwa ko canjin hali a koma likita. Motar kuma kada kowa ya sake kwana a cikinta sai an hau da ita rami an samo inda ya shigo.